Guguwa da Kofin Ƙafar Yayanta

Guguwa ba sunanta ba ne, amma in ka zagaya bayan asibiti ka tambaya da sunan gaskiya ba wanda zai gane wa kake nufi. Ka ce Guguwa mai ƙafa kawai, za a nuna maka ɗakin nan da ke warin roba mai zafi. Ita ce gajeriyar matar da farin siminti ya ɓata har gira, hannun riga a naɗe, tana cin abinci a tsaye tana amsa waya tana yi wa inji faɗa duk a lokaci ɗaya. Aikinta haɗa ƙafar roba ga waɗanda aka yanke wa ƙafa, da takalmin gyara na yaran da ƙafarsu ta karkace.

Tun tana ƙarama haka take, ba ta da zama. Iyayensu sun rasu da wuri, yayanta ne ya riƙe ta, shi kuwa mai aski ne, mutum mai sanyi, kafin ya gama kai ɗaya ka yi barci ka farka. Ita kuma sai ta sa tsohuwar wuƙa a wuta ta bi gida gida tana liƙe bokitin da ya fashe da silifas ɗin da ya tsinke, yatsunta duk tabon ƙuna. Makaranta ba ta yi nisa ba, malamai sun gaji da ita ita ma ta gaji da su. Da ta girma Yaya ya samo mata shara a asibiti, aka tura ta ɗakin ƙafa. To maimakon shara sai ta ajiye tsintsiya ta liƙe a jikin tanda tana leƙe, har dattijon da ke riƙe da ɗakin, wanda kowa ke kira Tsoho, ya ce ke zo nan, tunda ba za ki share ba sa safar hannu ki kama min nan. Ranar ta kama, kuma ba ta sake ba har yau.

Ga yadda aikin yake. Za a naɗe dungun mutum da bandeji mai siminti a ɗauki siffarsa, a zuba a fitar da gunkin dungun sak kamar nasa. Sai a ɗauko faifan roba fari fat mai kauri a sa a tanda. Tandar tana da gilashi, kana kallo farin zai fara gudu daga gefe, robar tana komawa garau kamar ruwa, farin yana ta matsewa tsakiya yana ƙanƙancewa, can sai ka neme shi ka rasa. To nan fa gudu ya tashi! A ciro, a yafa a kan gunkin, a kunna injin zuƙe iska, a matse, a yanke, duk kafin ta huce. A nan ba wanda ke kamo Guguwa, ko maza sai dai su matsa mata. Abin da ya fita shi suke kira kofi, cikinsa dungu ke zama.

Matsalarta abin da ke biyo baya ne. Ka'ida a bar kofin a kan gunkin ya kwana ya huce da kansa. Amma ɗakin nan ƙarfen da ake maƙala gunki a kai ɗaya ne, layi kuma har baranda, sai suka saba da wata dabara, su jiƙa tawul a durom ɗin ruwan da ke kusurwa su lulluɓe robar, ta yi cuuu ta yi fari nan take, a cire a sa na gaba. Tsoho ne ma da kansa ya koya mata, a kan takalmin yara, wanda robarsa siririya ce kuma ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. Ita kuwa tawul ɗin nan ya zame mata kamar hannu na uku.

Sai ciwon suga ya kama Yaya. Ɗan ƙaramin rauni ne a yatsa, bai ma ji ba saboda ƙafar ta daina jin komai, kafin a ankara ya ci gaba ya ci gaba, likita ya ce sai an yanke ƙasan gwiwa. Aka yanke. Ya daɗe a kwance, dungun ya warke, amma wata damuwar ta taso. Kujerar da yake aski a kanta ba tasa ba ce, ta mai shago ce, ta bakin taga, wadda ya tsufa yana zagayawa har ƙasan wurin ya lotsa. Mai shago ya yi haƙuri iya haƙuri, sai ya aiko cewa in Litinin ta zo bai tsaya da ƙafarsa ba akwai wani saurayi da ke jiran kujerar. Yaya ya kira ƙanwarsa.

"Auta, kin yi wa duk gari ƙafa, ni ne za ki bari a zaune?"

"Yaya kar ka ƙara faɗin haka. Litinin da ƙafarka za ka shiga shagon nan, in ka ga dama ma ka yi masa rawa."

Ranar Juma'a ta sa robarsa a tanda, mai kauri ta zaɓa don Yaya ba ƙaramin mutum ba ne. Tsoho ba ya nan, ya je ganin likitan ido. Wadda ke nan ita ce 'yar Yaya, wadda suke tsokana da Farfesa saboda tana jami'a, ta zo kawo takalmin babanta da za a sa wa ƙafar, sai ta samu benci ta buɗe kwamfuta. Guguwa na kai da kawo tsakanin tanda da ƙofa sai idonta ya faɗa kan allon, wasu abubuwa ne dogaye masu launi suna ta mutsu-mutsu.

"Ke Farfesa, tsutsa ake koya muku a jami'ar?"

"Gwaggo robarki ce fa."

"Robata? Allah ya kiyaye, tawa ba ta motsi."

"Tana yi wallahi, ido ne ba ya gani. Zo ki gani."

"Faɗa daga nan, kunnena na ji."

Farfesa ta ce ita roba in da za a ƙara girmanta sosai sosai, sarƙoƙi ne dogaye cunkushe cikin juna. In da sanyi, wasu wuraren sarƙar sukan naɗe kansu layi layi kamar kayan da aka goge aka jera, su ne ke tare haske shi ya sa take fari. In zafi ya shiga sai su fara karkarwa, su yi ta karkarwa amma jerin bai rushe ba, sai an kai wani zafi, daga nan sai jerin ya wargaje kusan gaba ɗaya, haske ya wuce.

"Shi ne abin da kike leƙe kullum ta gilashin nan," in ji ta. "Ni aikina in zuba su da yawa a kwamfuta in yi ta ƙara zafi ina ragewa, ina lissafin inda taron zai juya. Sarƙa ɗaya ba ki isa ki ce ga abin da za ta yi ba, yanzu ta miƙe yanzu ta dunƙule, amma in suka taru da yawa sai ki san daidai inda za su canza."

"Kamar 'yan layin nan na waje kenan, mutum ɗaya ya miƙe kowa ya miƙe."

"Kusan haka. Sai dai su ba mai fara miƙewa, kowa maƙwabcinsa yake ja."

"To Allah ya ba da sa'a. Matsa, farin ya tafi!"

Ta ciro, ta yafa, inji ya zuƙe, ta bi da tafin hannu ta ko'ina, ta yanke saura, kofi ya fito kamar an zana. Sai wayarta ta yi ƙara, Yaya ne, wai ya ake ciki, wai mai shago ya sake aikowa. Ta ce an kusa an kusa, ta kashe. Ta kalli kofin yana ta tururi garau, ta tuna gobe sai an datse baki, an goge, an ɗaura ƙarfe da tafin ƙafa, an gwada, an daidaita, kuma in ta bari ya kwana rabin gobe ya tafi. Ba ta ma yi shawara ba, hannunta ne ya tafi durom da kansa.

"Gwaggo tsaya, me za ki yi?"

"Abin da nake yi tun ba a haife ki ba."

"Wannan fa mai kauri ce. In kika jiƙa, sarƙoƙin da ke waje za su daskare a hargitse kafin su jeru, na ciki kuma suna nan da zafi suna jeruwa a hankali suna matsewa. Sai su yi ta jan juna. Yau ba za ki gani ba, amma in kin cire daga gunkin za ta iya murɗewa."

"Za ta iya, ko za ta?"

Farfesa ta ce ita gaskiya nata a kwamfuta ne, ba ta taɓa taɓa ta gaske da zafinta ba.

"Kin ji ko. Ubanki kujera yake so ba tsutsa ba."

Cuuu. Tururi ya tashi, kofi ya yi fari. Ta fasa gunkin ta kwashe simintin daga ciki, domin ta haka ake cire shi, ta datse baki a ranar ta tafi gida da murna.

Washegari da ta ɗauki kofin sai da hannunta ya ɗan tsaya. Bakin kamar ya ɗan buɗe ta baya, gaban kuma kamar ya shigo ciki, kaɗan ne, wanda bai saba ba ba zai gani ba. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce wa kanta ido ne, ta goge wurin da inji ta ɗaura ƙarfe. Aka kawo Yaya, ya sa safa ya zura dungu, ya kama ƙarafunan koyon tafiya ya miƙe. Kai, ka ga fuskar mutumin nan! Ya taka, ya sake takawa, ya saki hannu ɗaya, har da juyi.

"Akwai inda ke cizonka?"

"Ko kaɗan. Auta wannan ai ta fi wadda aka yanke, waccan ma kaushi gare ta."

Kowa ya yi dariya, 'yan layi suna tafi. Ya ƙi cirewa, da ita ya tafi gida.

Amma Guguwa ta kasa sukuni. Ranar Lahadi ta ɗora tukunya ta sauke, ta jiƙa wanki ta bar shi, mijinta ya ce wai ke lafiya, ta ce ina zuwa. Abin da ke cin ta shi ne mutumin da rauni ya cinye wa yatsa bai ji ba, shi ne ta tsaya tana tambaya ko akwai inda ke cizonsa. Ta fita ko ɗankwali ba ta gyara ba.

Ta same shi a tsakar gida a tsaye, ya tara yaran maƙwabta yana musu aski kyauta wai yana motsa hannu, tun safe yake tsaye.

"Yaya zauna in duba."

"Ba gaisuwa?"

"Ina wuni. Zauna."

"Ina tsakiyar kai, yaron mutane zai tafi da rabi?"

Ta janyo kujera ta tura masa a bayan gwiwa sai ga shi zaune. Ta zare ƙafar ta zare safa. A gaban dungun, daidai kan ƙashi, ga wani ja kamar an ɗora garwashi, tsakiyarsa ya fara yin ruwa. Ta danna da yatsa, jan bai gudu ba. Ta jira, tana tsaye tana zaune tana leƙawa, bai gudu ba. Ta sha ganin irin wannan, a jikin mai suga daga nan sai rauni, daga rauni sai likita ya ce a hau saman gwiwa.

"Ba za ka sake sa wannan ba."

"Ke, ba ni ƙafata."

"Kofin ya murɗe Yaya. Sai an sake."

"Ki sake bayan Litinin. In je in tsaya mutumin nan ya gan ni kawai, ko rabin wuni ne."

"Rabin wunin ne zai ci gwiwarka."

"Gwiwar taki ce? Ni ban ji komai ba! Auta ni na riƙe ki fa, yau ni za ki tsaya kina wa doka a gidana gaban yara?"

Ya miƙo hannu zai kama, ta ja baya. Matarsa ta fito tana ba da haƙuri, Farfesa ta tsaya bakin ƙofa. Guguwa ta san kanta, in ta ƙara tsayawa ya ce Auta sau ɗaya da muryar nan tasa za ta miƙa masa. Sai kawai ta cusa ƙafar a hammata ta zuba da gudu. Mace a titi da ƙafar mutum har da takalmi, yara suka biyo ta da ihu, wani mai shayi ya ce baiwar Allah ina mai ita, ta ce yana gida yana hutawa, ta faɗa mota. Tana isa ɗakin aiki ta kwance ƙarfen ta sa zarto ta raba kofin biyu, tana yi tana share ido da kafaɗa, don kar gobe wani ya zo ya lallashe ta.

Litinin ta zo ta wuce. Ita da kanta ta je wurin mai shago ta roƙa, ya ce wallahi yana jin nauyin Yaya amma ya riga ya yi wa yaron alkawari, ga shi can ma ya fara. Ta leƙa ta ga saurayin a bakin taga yana ta kaɗa kilifa. Ta juyo.

Yaya ya daina ɗaukar wayarta. Ga shi kuma ba yadda za a yi sabon kofi sai da dungunsa, tunda gunkin farko ta fasa. Tsoho da ya dawo ya ga ɓarin kofin a kwandon shara ya ɗaga ya duba, ya kalli durom, ya ce laifin har da nasa, ya kamata tun farko ya ce mata ban da mai kauri. Ta ce Tsoho bar shi, an faɗa min, kunnen ne babu. Kullum sai ta kira Farfesa, jan ya tafi, ya bushe, kin shafa maganin, me ya ci, ya ambace ni? Farfesa ta ce ya ambace ki amma gara kar in maimaita.

Da fatar ta warke ta ɗauki bokiti da bandejin siminti ta tafi gidan ba tare da ta sanar ba. Yana kwance a ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ta gaishe shi. Ta zuba ruwa a bokiti, ta shimfiɗa leda, ta jiƙa bandeji, duk tana surutu ita kaɗai, wai simintin nan in ya sha ruwa ba ya jira, wai asara za a yi, wai ita dai ba inda za ta. Bandejin farko ya daskare a hannunta ta yar ta jiƙa wani. Can, bai juyo ba, sai ga dungu ya leƙo daga cikin bargo.

Wannan karon ita da Farfesa suka yafa robar, yarinyar ta ƙone a yatsa ta yi ƙara, Guguwa ta ce yauwa, yanzu kin gaisa da tsutsotsinki. Da aka gama ta miƙa wa Tsoho tawul ɗin ta ce kulle min shi a durowarka. Sai zagaye, ta je ƙofa ta dawo, ta kai hannu kusa da kofin ta janye, farin yana shigowa a hankali a hankali kamar ba ya so.

"Ke Farfesa, yanzu me suke yi?"

"Suna jeruwa Gwaggo."

"Har yanzu? Su nawa ne wai?"

"Ki tafi gida dan Allah."

Sai da Tsoho ya kore ta ya sa kwaɗo.

Kofin ya zauna daram. Yaya ya sa, ya taka, ta cire ta duba, ya sake takawa ta sake cirewa, fata lafiya lau. Bai ce an gode ba, cewa ya yi takalmin bai sha mai ba. Kuma kujera dai ta tafi, ba ta dawo ba.

Yanzu in ka fito da safe za ka iya cin karo da su, dattijo da jakar kilifa a kafaɗa yana bin shagunan aski ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai kujera, gajeriyar mace a bayansa ta sunkuya tana kallon yadda yake jefa ƙafa, wayarta na ta ƙara Tsoho na nemanta. Wani ya ce babu, wani ya ce a dawo wani satin, wani ya kalli ƙafar ya ce zai yi tunani.

"Yaya tsaya in duba."

"A titi? Ke ba ki da wurin aiki ne?"

"Ka fara jingina hagu."

"Titin ne ya karkace. Wuce gaba ki leƙa min wancan mai koren ƙofa, in mai shi yaro ne kar ki ce ni yayanki ne, kar ya tsorata."

Kafin ya rufe baki ta tsallaka titi.